Amsa: Tura bayanan asibitin ƙauye inda babu sabis

Malama, kin tambayi yadda za ki riƙa tura bayanan masu awon ciki daga ƙauyenku a Giwa, alhali sabis ba ya kamawa. Manhajar DHIS2 ta wayar Android, wadda ake tattara bayanan lafiya da ita, tana adana abin da kika shigar ko babu intanet. Ranar da kika shigo Zariya, ki tura, ki jira har ta nuna sun shiga. Don Allah kada ki goge manhajar kafin nan, domin duk abin da bai tafi ba ya salwanta ke nan. Caji ne ya fi ba da wahala, musamman da hunturu: ki riƙa share ƙurar farantin sola kowace safiya. Rajistar takarda kuwa, ki ci gaba da cika ta.