Na Faɗo Daga Gini, Mai Kamfani Yana So In Sa Hannu

Tambaya daga wani birkila a Garwa: "Wata biyu ke nan da na faɗo daga kan katakon gini, ƙafata ta dama ta karye. Shekara huɗu ina yi wa kamfanin aiki, albashina sefa 90,000. Mai kamfani ya sa aka kai ni wurin mai ɗori, ya ba ni 50,000. Yanzu ya aiko da takarda da Faransanci wai in sa hannu mun rabu lafiya. Me zan yi?"

Malam, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin komai, kada ka sa hannu a takardar nan. Ba karanta ta ka yi ba, kuma na sha ganin irinta: layi ɗaya a tsakiya sai ya ce ba a wurin aiki ka ji rauni ba, ko kuma da kanka ka ajiye aiki. Ka karɓi kwafinta ka adana, ka ce sai ka yi shawara.

Haƙƙinka ba a aljihun mai kamfani yake ba. A Kamaru, doka mai lamba 77-11 ta 13 ga Yuli 1977 ta ɗora biyan diyyar haɗarin aiki a kan CNPS, wato hukumar inshora da fanshon ma'aikata ta ƙasa, kuma ma'aikaci ba ya zuba ko sisi a wannan asusu. Mai kamfani ne kaɗai yake biya, kashi 1.75 ko 2.5 ko 5 cikin ɗari na albashi, gwargwadon haɗarin sana'ar. Dokar ta haɗa har da haɗarin da ya sami mutum a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida. Ya kamata a ce mai kamfani ya sanar da CNPS cikin kwana 3 na aiki. Da alama bai yi ba, amma ƙofa ba ta rufe ba, domin kai da kanka kana da shekara 3 ka kai sanarwar. Kada wannan tsawon lokaci ya sa ka yi sanyin jiki. Leburori ba sa zama wuri ɗaya. Wanda ya ɗauke ka daga ƙasa ranar nan, baɗi wataƙila yana Ngaundare.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne maganar mai ɗori. Ba raina masu ɗori nake yi ba, mutane da yawa sun miƙe a hannunsu. Sai dai mai ɗori ba ya ba da takarda, ita kuwa CNPS da takarda take magana. Ka sa a kai ka asibiti cikin makon nan, a ɗauki hoton ƙafar, likita ya rubuta maka takardar farko wadda suke kira certificat médical initial. Ka gaya masa ranar da ka faɗo da inda ka faɗo, ka tabbata ya rubuta. Duk rasidin magani, ko na ƙwaya biyu ne, ka sa shi a leda ɗaya da hoton. In ƙafar ta warke, ko ta tsaya inda ba za ta ƙara gyaruwa ba, sai a rubuta takardar ƙarshe, wadda a kanta ake auna nakasa.

Mu yi lissafi da albashinka. Ban da kuɗin asibiti da magani, muddin likita ya ce ba za ka iya aiki ba, ana biyan ka kashi biyu cikin uku na albashi, wato kusan 60,000 a wata. In aka sami nakasa mai ɗorewa, ma'aunin shi ne kashi 85 cikin ɗari na albashi ga wanda ya nakasa gaba ɗaya, wato 76,500 a wurinka, sai a ba kowa gwargwadon nakasarsa. Wanda aka auna masa kashi 20 ko fiye yana karɓar fansho: kashi 30 zai ba ka kusan 22,950 a wata. Ƙasa da kashi 20 kuwa dunƙule ake biya sau ɗaya, na shekara 10. Ko kashi 10 aka auna maka, abin zai haura 900,000. Ka ɗora wannan kusa da 50,000 ɗin da aka ba ka.

Na san abin da za a ce maka: ai ba a yi maka rajista a CNPS ba, ba ka da kwantiragi a rubuce. Rashin rajista laifin mai kamfani ne, domin doka ta ba shi kwana 8 daga ranar da ya ɗauke ka. Dokar ƙwadago ta 14 ga Agusta 1992 kuma ta yarda a tabbatar da yarjejeniyar aiki ta kowace hanya. Saƙon kuɗin da yake turo maka ta waya ƙarshen wata hujja ne, haka littafin da fomen yake kiran suna, haka abokan aikinka biyu ko uku da suka ga faɗuwar. Dokar ta ce lokacin jinyar haɗarin aiki dakatar da yarjejeniya ake yi, ba tsinke ta ba, don haka gurbinka yana nan.

Ka tafi ofishin CNPS na Garwa da katin shaidarka da takardun likita, ka cika sanarwar haɗari, ka karɓi shaidar sun karɓa mai hatimi da kwanan wata. Daga nan ka wuce wurin sufeton ƙwadago. Shi zai kira mai kamfani a zauna sulhu kan rajista da aikinka; in abin ya faskara, ya ba ka takardar rashin sulhu ka tafi kotu, kuma shari'ar ƙwadago ba a biyan kuɗin shigar da ita. In CNPS ce ta ƙi biya, ka nemi ta ba ka ƙin a rubuce, ka kai kuka gaban kwamitinta na sake duba hukunci ba tare da jinkiri ba, domin akwai wa'adi.

Za a turo maka dattawa su ce mutumin ya kyauta, kada ka kai shi ƙara. Ka karɓe su da girmamawa, ka ce musu ba ƙararsa ka kai ba, asusun da hukuma ta tanada domin irin wannan rana ka je nema. In takardar tana hannunka, ka kawo mini in karanta maka ita layi-layi.