Ko hana motoci shiga titin kasuwa zai kashe ciniki a Gusau?

Malam, ka tambaya ko shagonka zai mutu idan aka hana motoci bin layin kasuwarku. Ka fara duba abin da kake sayarwa.

In atamfa ce, ko takalma, turare, kayan waya, to wallahi kada ka damu. Mai mota wucewa yake yi, idonsa na kan hanya. Mai tafiya a ƙasa shi ne ke tsayawa, ya taɓa, ya taya. Mata ma sun fi sakewa su zaɓi kaya in babu hon da ƙura a bayansu.

Wanda nake tausaya wa shi ne mai siminti, kwanon rufi ko buhunan gero da masara. Ba wanda zai sayi buhu goma ya ɗauka a ka. Dole ya biya ɗan dako ko mai baro har bakin titi, kuɗin nan kuwa kan farashi zai hau, sai mai saye ya koma inda mota ke isa ƙofar shago.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne a haɗa da babur a hanin. Mun gani a 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako aka taƙaita zirga-zirgar babura saboda tsaro, yadda ciniki ya kwanta. Yawancin masu sayenmu kabu-kabu da Keke Napep ke kawo su.

Ku je ta hannun ƙungiyarku ku nemi a bar manyan motoci su sauke kaya bayan sallar Asuba zuwa hantsi, a kuma ware wurin ajiye abin hawa kusa, domin a zafin Afrilu ba mai yin doguwar tafiya.