Amsa: wai ɗan majalisar jiha zai iya zama alƙalin tarayya a Amurka?

Malam ka tambaya ko mutum zai iya tashi daga majalisar jiha ya koma alƙalin tarayya a Amurka, ko sai wanda ya taso a kotu tun farko. Eh yana yiwuwa sosai, ga Sandra Day O'Connor nan.

Ita fa lauya ce tun asali, ta gama karatun lauya a jami'ar Stanford a 1952, amma kamfanonin lauyoyi suka ƙi ɗaukarta saboda mace ce, wani ma aikin sakatariya ya yi mata tayi, ka ji fa. A 1969 gwamna ya naɗa ta cike gurbi a majalisar dattawan jihar Arizona, daga baya ta ci zaɓe da kanta har ta zama shugabar masu rinjaye a 1973. Sai ta koma alƙalanci a kotun gundumar Maricopa a 1975, kotun ɗaukaka ƙara ta jiha a 1979, sannan shugaban ƙasa Ronald Reagan ya zaɓe ta zuwa Kotun Ƙoli a 1981, sanatoci 99 suka amince ba ko ɗaya da ya ƙi. Ita ce mace ta farko a wurin. Ta yi ritaya a 2006, ta rasu a 2023.

Inda mutane ke kuskure shi ne ɗauka cewa ƙarin girma ne ake bi mataki mataki. A'a, shugaban ƙasa ne ke zaɓa, majalisar dattawa ta tabbatar, kujerar kuma ta har rai ce. Kar ka haɗa da namu na Najeriya inda sai Majalisar Shari'a ta Ƙasa (NJC) ta ba da shawara. In rubutun makaranta kake yi, ka nuna wa malaminka na tsarin mulki kafin ka miƙa.