Tsutsar da ke kashe ƙwari: a ina dafinta yake?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a Kadawa, tumatir da rani, masara da damina. Ɗana da ke karatun aikin gona ya zo hutu, ya ce akwai wata tsutsar ƙasa da ake zubawa a gona ta kashe ƙwari, wai ƙwayar cuta ce a cikinta. Ni kuwa wadda na sani ita ce mai sa saiwar tumatir ta yi ƙulu-ƙulu. Yaya zan kawo irinta gonata da hannuna? Kuma cutar ba za ta taɓa mai feshi ko mai cin amfanin ba?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Yaronka ya faɗi gaskiya, kai ma tsoronka yana kan hanya, domin dangi ɗaya ne. Amma ka san hannunka ma yatsunsa ba ɗaya ba ne. Mai kumbura saiwar tumatir ruwan shuka take tsotsa. Waɗanda yaronka ke nufi, Steinernema da Heterorhabditis, ba su da bakin huda saiwa ko kaɗan, abincinsu yana cikin jikin ƙwaro.

Na fara ganin aikinsu ne lokacin da nake ɗalibi. An sa mana tsutsotsin ƙwaro farare, ƙosassu, a kan jiƙaƙƙiyar takarda cikin faranti, aka ɗiga musu wani ruwa mai kama da ruwan tsari, wanda waɗannan ƙananan tsutsotsin ƙasar ke cikinsa. Bayan kwana 2 muka buɗe, duk sun mutu. Waɗanda Heterorhabditis ta shiga sun koma ja kamar jan bulo, na ɗaga ɗaya ta lanƙwashe laƙwas a yatsana. Na kai ta hanci ina jiran ɗoyi, ban ji komai ba. Malaminmu ya kashe fitila, muka zauna cikin duhu har ido ya saba, sai ga gawarwakin suna wani ɗan haske dishi-dishi. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, tsutsar ’yar dako ce kawai. Galibi tsawonta bai kai milimita 1 ba, ido da ƙyar yake ganinta. Mai kisan wata ƙwayar cuta ce, wato bakteriya, da take ɗauke da ita a hanjinta: Xenorhabdus a cikin Steinernema, Photorhabdus a cikin Heterorhabditis. Ita Photorhabdus ɗin ce mai hasken nan. Tsutsar tana shiga ƙwaro ta baki, ko dubura, ko ƙofofin numfashi da ke gefen jikinsa, ta kutsa har cikin jininsa, ta saki fasinjarta. Daga nan awa 24 zuwa 48 ya rage wa ƙwaron.

Ƙarfin dafin nan abin mamaki ne. A gwaji, ƙwayoyin Photorhabdus da ba su kai 10 ba, in aka yi wa tsutsar ƙwaro allurarsu, sun isa su kashe ta. Ƙwaro yana da dakarun jini masu haɗiye baƙon abu, yana kuma naɗe maharin cikin wani baƙin rufi ya kashe shi. Bakteriyar tana fara karya waɗannan, sannan ta sako guba iri-iri. A 1998 masana a Jami'ar Wisconsin ta Amurka suka bayyana wata guba tata da ake kira Tc, wadda daga baya aka gano tana aiki kamar sirinji, ta huda ƙwayar halittar ƙwaro ta tura dafi ciki. A 2002 wasu a Jami'ar Bath ta Ingila suka gano wata, suka raɗa mata Mcf, sunan da ke nufin mai sa tsutsa ta yi laƙwas. Abin da na ji a yatsana ke nan.

Rashin ɗoyin ma aikinta ne. Gawar ta zama rumbun tsutsar, don haka bakteriyar tana fitar da magungunan da ke hana sauran ƙwayoyin ƙasa ruɓar da ita, har tururuwa kan ƙi taɓa ta. Tsutsar tana ci, tana hayayyafa, bayan kamar mako 2 sai jikoki dubbai su fito, kowace da guzurin bakteriyarta. A 2019 masana a Boston suka samo wani sabon maganin ƙwayoyin cuta, darobactin, daga wannan Photorhabdus.

Batun lafiyarka kuwa, ba zan rufe ka ba. Akwai nau'i guda, Photorhabdus asymbiotica, da aka samu ya haddasa wa mutane ƙalilan ƙuraje da gyambo, galibi a Amurka da Ostareliya, ana kuma magance shi a asibiti. Ba shi ne a cikin tsutsotsin da ake sayar wa manoma ba. Na kasuwa an yi shekaru da dama ana amfani da su a Turai da Amurka a gonakin kayan lambu, ba sa barin guba a jikin amfani. A ganina haɗarin maganin da yaranmu ke fesawa ba takunkumi ba safar hannu ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Matsalar tamu rana ce. Tsutsar nan halitta ce mai rai, zafin rana da bushewa suna kashe ta cikin ɗan lokaci, ajiyarta ma sai da sanyi. Duk ƙarfin dafin, in ’yar dakon ta mutu a hanya, aikin banza ne. Shi ya sa ake zuba ta da yamma liƙis a kan ƙasa mai danshi, a sake ba da ruwa bayanta. Ta fi tasiri a kan ƙwarin da ke zaune cikin ƙasa, irin su gwazarma mai cin saiwa. Ita kuwa tsutsar masarar nan da aka fara gani a Najeriya a 2016, a sama take ɓuya, a tsakiyar ganye inda ya naɗe kamar mazurari. A Ruwanda an gwada cuɗa Steinernema cikin wani abu mai kauri mai riƙe ruwa, ana ɗiga shi a wannan mazurarin, ɓarnar ta ragu.

Kuma ba lallai baƙuwa ba ce a wurinmu, ana samun irinta a ƙasar kusan kowace nahiya. In kana huɗa a fadama ka tono gwazarma matacciya, ja, mai laushi, ba ta wari, kada ka yar. Sa ta a gwangwani da ’yar jiƙaƙƙiyar ƙasa, ka ajiye a inuwa, ka ba yaron ya kai wa malamansu su duba.