Amsa: Kayan da zan fara saya don sana'ar wanke rufin gida

Ɗan'uwa, ka tambaya ko injin feshi mai ƙarfi ne abin farawa. A ganina a'a. Ƙarfin ruwansa na kankare fentin kwano, ya cusa ruwa ƙarƙashin rufi, gobe mai gida ya kira ka ɗaki na yoyo.

Fara da abin da zai tsare ranka: ɗamarar tsaro, igiya, takalmi mai kama ƙasa, da tsani mai kyau. In ka jingina tsanin, duk tsayin mita 4 ka ja ƙafarsa baya mita 1, kansa kuma ya zarce bakin rufi da kamar mita 1. Jiƙaƙƙen rufi santsi gare shi, wallahi kada ka yi wasa da wannan.

Sai ƙaramin famfo mai aiki da batir na bolt 12, tankin roba, da doguwar mesa. Abin da za ka fesa da su shi ne bilic (sinadarin cire tabon tufafi) da aka surka da ruwa, shi ke kashe gansakukar da ke kan rufi. Amma yana cin ƙarfe, don haka ka ɗauraye rufin kwano sosai, ka wanke famfon da ruwa zalla bayan kowane aiki. Kada ka taɓa haɗa shi da asid ko amoniya, iskar da ke tashi guba ce. Sa tabarau da safar hannu, ka kuma jiƙa shukokin gidan kafin feshi da bayansa.