Ejan ya ce zai zuba min kuɗin aro a akawunt don in samu bizar Faransa, in yarda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, turare nake sayarwa, ina so in je Paris na kwana goma in ga masu turo min kaya ido da ido, in ɗan zaga gari kuma. Ban da Umara ban taɓa fita waje ba. Wani ejan ya ce kuɗin da ke akawunt ɗina sun yi kaɗan, in ba shi kasonsa zai zuba min miliyoyi na aro a ciro sitetmen sannan ya kwashe abinsa, wai kuma yana da mutum a cikin ofishin jakadanci. Wallahi hankalina bai kwanta ba, amma ina tsoron in na je da nawa a hana ni. Don Allah ya zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji. Kada ka ba shi ko sisi, wannan rashin kwanciyar hankalin da kake ji shi ne daidai.

Kusan kullum sai an kawo min wannan maganar kuma tana ƙona min rai, don mutane sun ɗauka jami'in biza layin ƙarshe na sitetmen kawai yake dubawa, ya ga kuɗi jibge ya buga tambari. Ba haka ba ne. Sitetmen na wata uku ko fiye ake kaiwa, shi kuma tun daga shafin farko yake bi, yana ganin dubu ɗari biyu ta shigo yau, gobe dubu tamanin ta fita, jibi an biya kuɗin makarantar yara, ya riga ya gane yadda kasuwarka take numfashi, sai kwatsam saura mako ɗaya ka kai takardu ga miliyan ashirin ta faɗo daga wani suna da bai taɓa turo maka ko naira ɗaya ba. Aikinsa kenan safe da yamma, ya ga irin wannan ba adadi. A takardar hana biza akwai gurbin da ake yi wa alama cewa ana shakkar gaskiyar takardun da mutum ya kawo, to nan zai sa maka. Kuma abin ba a Faransa yake tsayawa ba, ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ke amfani da biza ɗaya, rumbun bayanai ɗaya suke amfani da shi, hotonka da zanen yatsunka da labarin an hana ka suna zaune a ciki shekara 5, in ka koma wajen Jamus ko Italiya suna buɗewa za su gani.

Akwai wani bawan Allah da ya zo wajena da takardar hana shi biza a ninke cikin aljihun gaban riga, har ta yi laushi saboda yawan buɗewa. Mutum ne mai shago na gaske, yana da rajista, yana da rasit ɗin kaya cike da leda, da ya kai nasa na halak ni ban ga abin da zai hana shi ba. Ejan ɗin da ya zuba masa kuɗin aro ya kashe waya, shi kuma aka bar shi da tabo a sunansa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Batun "ina da mutum a ciki" kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Cibiyar da ake kai takardu karɓa kawai take yi ta ɗauki zanen yatsu, hukunci na ofishin jakadanci ne, ba wanda zai iya yi maka alkawarin biza. Sannan ka tuna kai ne za ka sa hannu a fom ka ce duk abin da ke ciki gaskiya ne, ba ejan ba. Mutum mai mutunci a kasuwa, mai iyali, bai kamata ya sa hannu a kan ƙarya saboda tafiyar kwana goma ba.

Kuma kuɗin da ake nema bai kai yadda ya tsorata ka ba. Ma'aunin Faransa Yuro 65 ne a kowace rana ga wanda ya kama otal, kwana goma kenan Yuro 650, ban da tikiti da kuɗin otal ɗin. Abin da ya fi damunsu shi ne za ka dawo ko ba za ka dawo ba, saboda haka ka haɗa takardar rajistar kasuwancinka, shaidar biyan haraji, sitetmen na shago da naka, da wasiƙar gayyata daga kamfanin da za ka je gani tunda har da kasuwanci a tafiyar. Fom a shafin France-Visas ake cikewa, da kanka za ka iya. Kuɗin biza Yuro 90 ne ban da na cibiya, inshorar lafiya dole ta kai ta Yuro 30,000, fasfo ya zama da sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowarka da shafi biyu da ba komai. Ana iya nema tun saura wata shida, amsa kan ɗauki kwana 15 amma tana iya kaiwa 45, don haka kar ka bari sai ƙurarren lokaci.

In Allah ya sa aka ba ka, ka riƙe takardar otal da tikitin dawowa da inshora a jakar hannu, don a filin jirgin Charles de Gaulle ɗan sandan iyaka yana da ikon ya tambaye ka su ko da biza a fasfonka. Jirgin ƙasa na RER B zai kai ka tashar Gare du Nord a cikin Paris, ka kula da aljihunka a ciki. Kuɗin hannu in sun kai Yuro 10,000 dole ka faɗa wa kwastan. Abincin halal ba zai yi maka wuya ba a unguwar Château Rouge, Juma'a kuma ga Babban Masallacin Paris da aka buɗe tun 1926. Sai dai in Hajiya za ta haɗa maka guzuri ka gaya mata ban da kilishi da dambun nama da man shanu, an hana shiga Tarayyar Turai da nama da kayan madara, ƙwacewa za su yi.