Kwana a zangon bakin teku da sai an taka a ƙafa: tambayoyinku da amsoshin likita

Wasiƙun wannan makon daga 'yan'uwa mazauna Kalifoniya ta Amurka suka zo, kuma duk a kan abu ɗaya suke: kwana a tanti a Point Reyes, gandun bakin teku da ke arewa da San Faransisko. Zangunansa na cikin daji mota ba ta kai mutum. Coast Camp tafiyar kusan kilomita 3 ce daga inda ake ajiye mota a Laguna, Wildcat kuwa kusan kilomita 9 daga Palomarin. Kowa shi ke goyo tantinsa da abincinsa, kuma sadarwar waya ba ta da tabbas a can.

Likita, ni ɗalibi ne mai ciwon sikila. Abokaina za su kwana biyu a Wildcat, sun ce in zo mu je. Zan iya?

Ƙanena, Wildcat ba taka ba ce a tafiyar farko. Abubuwa uku da suka fi tayar da ciwon sikila su ne sanyi, ƙarancin ruwa a jiki da gajiya mai tsanani, kuma wannan tafiya ta haɗa su duka. Sanyi yana matse ƙananan jijiyoyin jini, rashin ruwa yana sa jinin ya yi kauri, sai ƙwayoyin da suka lanƙwashe su toshe hanya, ciwon ƙashi ya taso. Idan ya taso maka da ƙarfe biyun dare kana kilomita 9 daga mota, wa zai ɗauko ka?

Kada sunan Kalifoniya ya ruɗe ka. Wannan gaɓar, ko a watan Yuli, hazo ne mai laima da iska, da dare kuma sanyi kan sauko wajen digiri 10. Sanyin laima ya fi na hunturun gida shiga jiki, domin tufafi suna jiƙewa a jikinka ba ka sani ba.

In ka matsu ka ga teku, ku zaɓi Coast Camp, kwana ɗaya, bayan ka nuna wa likitan da ke duba ka. Ka riƙa shan kamar rabin lita na ruwa a kowace awa ta tafiya, kada ka jira ƙishirwa; in fitsarinka ya koma ruwan ɗorawa mai duhu, ka yi sake. Abokai su raba kayanka masu nauyi. Rigar da ke taɓa fata kada ta zama ta auduga, domin auduga tana shanye gumi ta riƙe, da ka zauna hutawa sai ta huce a jikinka. Ta ulu ko ta roba-roba irin ta 'yan wasanni ce daidai, sai rigar sanyi a kai, sai mai hana iska da ruwa. Da isarku ka sauya riga da safa da busassu, ka sa hula. Ka shimfiɗa katifar soso ƙarƙashin jakar barci, domin ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin mai barci. Ruwan alwala ka ɗuma shi. Teku kuwa ko ƙafa kada ka tsoma.

Maganin ciwonka da na kullum su kasance a aljihun sama na jaka, tare da abin awon zafin jiki. Zazzaɓin da ya haura digiri 38, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, ko mutuwar wani ɓangaren jiki, ba a jira gari ya waye da su. Mutum ɗaya ya zauna da kai, wani ya nemi inda waya ke kamawa ya kira 911, lambar neman agajin gaggawa.

Ranka ya daɗe, na iya iyo sosai tun ina yaro a kogin garinmu. Akwai laifi in na ɗan shiga tekun?

Akwai, Malam. Ruwan wannan gaɓar yana tsakanin digiri 10 zuwa 13 kusan duk shekara. Wanda ya faɗa irin wannan ruwa, abu na farko da ke samunsa shi ne jan numfashi na ba-zata, sai haki da ba ya iya tsayarwa na minti ɗaya zuwa uku. In kansa na cikin ruwa a daidai lokacin, ruwan zai shaƙa. Wanda ya tsallake wannan, cikin kamar minti goma hannuwa da ƙafafu sun fara ƙin biyayya. Gwanintar iyo ba ta hana ko ɗaya.

Sannan akwai igiyar da ke zuwa babu sallama. Teku zai yi lakadan na tsawon mintuna, sai wata babba ta hauro can saman rairayi inda mutum ke zaune, ta share shi. Shi ya sa ba a juya wa teku baya, ba a kuma hawa kututturen itacen da ruwa ya jefo, domin igiya na iya mirgina shi a kan mutum. In ruwan da ke komawa ciki ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kai tsaye. Ka yi iyo gefe, ka bi tsawon gaɓa har ka fita daga zirinsa, sannan ka nufo tudu.

Masu bin rairayi daga Wildcat zuwa magangarar ruwan Alamere su duba jadawalin cikar teku kafin su bar gida. Teku yana cika yana janyewa kusan sau biyu a kwana ɗaya, kuma in ya cika yana rufe hanyar har gindin dutse.

In wani ya jiƙe, a tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya nan take, a sa busassu, a shigar da shi jakar barci a inda iska ba ta bugu. In yana cikin hayyacinsa a ba shi shayi mai sukari. Kada a murza masa hannu da ƙafa. Wanda maganarsa ta fara sarƙewa, yana tangaɗi, ko ya daina rawar ɗari alhali jikinsa ƙanƙara, sanyi ya ci ƙarfinsa. A kwantar da shi a hankali a nemi agaji.

Likita, in sanyi ya yi yawa, zan iya kunna ƙaramin murhun gas a cikin tanti don yara su ji ɗumi?

A'a, Hajiya, ko na minti biyar. Wuta a rufaffen wuri tana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana kama jini fiye da iskar numfashi sau ɗari biyu da wani abu. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci, kuma mai barci ba ya farkawa ya faɗa. Gawayi ma haka. Ki tafasa ruwa a waje, ki zuba a gora mai jure zafi, ki ɗaure murfin tam, ki cusa ta cikin safa, ki sa wa kowane yaro a jakar barcinsa.

Ruwan sha fa? Kuma an ce ana ɓamɓaro halittun nan masu ɓawo a jikin duwatsu a gasa.

Akwai famfo a zangunan, amma yakan lalace, don haka a tafi da matacin ruwa ko a yi shirin tafasawa. Ruwan rafi, kome haskensa, a bar shi ya tafasa sosai na minti ɗaya. Ƙwayar jiyadiya da ke cikinsa ba ta nuna kanta sai bayan mako ɗaya zuwa biyu, da zawo mai wari da kumburin ciki, lokacin an manta da tafiyar. Ku gaya wa likita inda kuka je. In zawo ya kama mutum a zango: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ruwan teku kuwa ba a sha: akwai gishiri kusan giram 35 a kowace lita, ƙoda sai ta zubar da ruwan da ya fi wanda aka sha kafin ta fitar da shi.

Masu ɓawon nan ku bar su. Hukumar lafiya ta Kalifoniya tana hana ɗibarsu don ci daga 1 ga Mayu zuwa 31 ga Oktoba kowace shekara, saboda gubar da suke tarawa daga ƙananan tsirran ruwa. Dafuwa ba ta kashe wannan guba. Tana farawa da jin leɓe da harshe sun yi nauyi, tana iya kaiwa ga tsayar da numfashi. Abincinku kuma, har da man goge baki, a kulle shi a akwatin ƙarfen da aka tanada a kowane masauki, saboda ɓeraye da rakun, wata dabbar daji mai satar abinci.

Na dawo na tarar da kaska a bayan gwiwar ɗana, ni kuma ƙuraje masu ruwa sun feso mini a hannu, a jere kamar an ja layi.

Abu biyu ne daban. Kaskar, a kama ta da hantsaki mai siririn baki dab da fata, a ja sama a hankali ba tare da murɗawa ba, a wanke wurin da sabulu. Kada a ɗiga mata kananzir ko a kanga mata ashana. Hakan na iya sa ta amayo abin cikinta a jikin yaron. Kaskar yankin tana iya ɗaukar cutar Laim, amma yawanci sai ta fi kwana ɗaya a manne kafin ta sa wa mutum, shi ya sa ake duba jiki kowace yamma: hammata, cibiya, matsematsi, bayan kunne da cikin gashi. Ki rubuta ranar. In cikin kwana 3 zuwa 30 kika ga tabo yana faɗaɗa a wurin, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ku je asibiti. A baƙar fata tabon ba lallai ya yi ja ba, yakan zama duhu-duhu kamar ƙujewa, sai an duba da haske.

Ƙurajenki kuwa sun yi kama da aikin tsiron nan mai ganye uku-uku da ake rubuta poison oak a allunan hanya. Mai ne a jikinsa, kuma ƙurajen kan fito bayan rabin yini zuwa kwana uku. Ruwan cikinsu ba ya yaɗa su. Man da ya rage a wando, takalmi da igiyar jaka shi ke sake shafa wa mutum, don haka a wanke su da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke. Ki riƙa ɗora tsumma mai sanyi, ki shafa kalamin ko man haidirokotizon, yawanci yana bushewa cikin mako ɗaya zuwa uku. In ya kai fuska, ido ko al'aura, ko ya fara fitar da mugunya, ki ga likita a ranar.